Waya, kafe ko ejan: wa za ka ba aikin takardunka na gwamnati a Zariya?

Yanzu dai kusan duk abin da kake nema wajen gwamnati sai an ce maka jeka ka cike a intanet. NIN ne, fasfo ne, rajistar kasuwanci ta CAC ce, JAMB, lasin tuƙi, bashin karatu na NELFUND, bautar ƙasa, har harajin jiha, kowanne da fotal ɗinsa. Da can tambayar ita ce wa ka sani a ofis, yanzu kuma abin da na fi ji a bakin mutane daga Sabon Gari har cikin gari shi ne, in yi da wayata ne, ko in je kafe, wato shagon intanet, ko in ba wane da ya ce zai yi mini komai in zauna a gida. To amsar ba guda ɗaya ba ce, ya danganta da wace takarda ake magana, amma ni a wajena kuɗin aikin da za ka biya shi ne ƙaramin abin dubawa. Manyan guda biyu ne, lambar wayar wa da imel ɗin wa aka buɗe akawun ɗin da su, sannan ta hannun wa kuɗin gwamnatin ya bi. In ka riƙe waɗannan biyun ko'ina ka je ka yi ba laifi, in suka kuɓuce maka ko a kyauta aka yi maka aikin ka yi asara, sai dai ba ranar za ka gane ba.

Yi da kanka a waya shi ya fi araha, wannan ba gardama, data kawai za ka ci, duk da ita ma datar ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025. Kana kwance a ɗaki bayan isha ko da asuba lokacin da sabis ya fi sakin jiki sai ka cike fom ɗinka a tsanake, ka duba sunanka harafi harafi, babu wanda ke tsaye a kanka yana cewa Malam yi sauri akwai layi. Kuma duk lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake turowa, da duk saƙon da hukumar za ta turo nan gaba hannunka zai shigo. Matsalarsa kuwa sananniya ce. Na farko duk fotal ɗin nan da Turanci suke, kuma ba Turancin hira ba, irin na fom wanda ko ɗan jami'a sai ya tsaya ya yi tunani. Na biyu ɗora takardu, za a ce maka hoton kar ya wuce kaza, bayansa ya zama fari, takardar haihuwa ta zama PDF, kai kuma ka ɗauke ta da waya a kan katifa inuwar hannunka ta rufe rabi, fotal ya yi ta dawo maka da ita ba tare da ya gaya maka laifinta ba. Ga wayoyin da yawancinmu ke riƙewa, ƙwaƙwalwarsu ƙarama, ka fita ka kwafo lambar da aka turo maka ka dawo ka tarar shafin ya koma farko. Ga rashin wuta, caji ya ƙare kana tsakiyar biya.

Maganar biya ɗin nan ita ce ke firgita mutane da yawa har su gudu kafe, wai kar a cire musu kuɗi fotal ya ce bai gani ba. Yana faruwa kam. Amma ka san yadda abin yake, tun 2015 da gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai ɗaya na TSA, kuɗin yawancin hukumomin tarayya ta dandalin biyan kuɗi na Remita suke bi, fotal ɗin zai fitar maka da lamba mai guda 12 da ake kira RRR, wannan lambar ita ce shaidarka. Kana iya biya da kati, ko ta manhajar bankinka, ko ka rubuta ta a takarda ka shiga banki a PZ ka biya a kanta. In aka cire kuɗi shafin bai nuna ba kar ka sake biya, ka duba matsayin RRR ɗin tukuna, sau da yawa kuɗin ya shiga fotal ɗin ne bai farga ba, kuma da ita za ka sake fitar da rasit ko bayan shekara. Wanda ya miƙa wa wani kuɗi a hannu ya ce biya mini, ba shi da wannan, abin da yake da shi kawai maganar mutum.

Kafe kuma, ko bizines santa kamar yadda wasu ke cewa, Allah ya hore wa Zariya su, garin ɗalibai ne ai. Samaru wajen get ɗin ABU a jere suke, haka Kongo, haka Gyallesu, haka Gaskiya wajen 'yan Poli, ga na PZ da Tudun Wada. Kuma gaskiya yaran nan sun iya aiki, bai kamata a raina su ba. Wanda yake cike fom iri ɗaya tun safe har dare ya san inda fotal yake tuntuɓe, ya san girman hoton da yake karɓa, ya san wace burauza ce take buɗe shi, yana da sikana da firinta da janareto ko sola, abin da zai cinye maka yini a waya shi kafin ka gama shan ruwan leda ya gama. Akwai ma abin da ba yadda za ka yi sai da su, kamar rajistar NYSC da take buƙatar na'urar ɗaukar zanen yatsa, wa zai sayi wannan don aikin rana ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne saurin nan nasu. Ka shiga irin shagon nan lokacin da ake rububin wata rajista ka tsaya ka kalla. Janareto na ƙara a bakin ƙofa, mutum shida a benci, yaro ɗaya a gaban kwamfuta ya buɗe shafuka kusan goma, wani dattijo ya miƙo takardunsa a cikin leda.

"Baba kana da imel?"

"Wane iri kuma ɗana? Ni dai ga lambata nan, ita ma ta yaron gidana ce."

"To bari in sa nawa kawai, ba matsala."

"Allah ya yi maka albarka, sa duk abin da ya dace."

Shi kenan an gama, Baba ya biya ya tafi yana godiya, akawun ɗinsa na gwamnati yana kan imel ɗin yaron da wataƙila baɗi ya gama makaranta ya koma garinsu, faswod ɗin ma shi kansa yaron ba zai tuna ba don ya yi wa mutum ɗari irinsa. Kamar ka gina ɗaki ne ka bar makullin a aljihun magini. Ba mugunta ce ta sa yaron ya yi haka ba, layi yake son ragewa. Kuma a irin saurin nan ne ake juya ranar haihuwa, wanda aka haifa 3 ga watan 7 ya koma 7 ga watan 3, ko a rubuta Mohammed alhali a NIN Muhammad ne, ko a sa sunan uba a gurbin sunan mutum. Sannan in ka leƙa kwamfutar za ka ga hotunan mutane da silif ɗin NIN da takardun haihuwa zube a fuskar allo, duk wanda ya zauna zai iya kwasa. An yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, akwai hukumar NDPC da ke kula da ita, amma kai ne za ka ce wa yaron ya goge naka a gabanka, har cikin kwandon shara na kwamfutar, kuma ya fita daga akawun ɗinka kafin ka tashi.

Don haka ni abin da nake ba mutane shawara a kan kafe shi ne ka je da imel ɗinka da ka buɗe tun a gida, da layinka a hannunka, ka ja kujera ka zauna kusa da shi, kar ka bar takardu ka ce zan dawo bayan la'asar. Kafin ya danna turawa ka ce ya tsaya ka karanta da idonka, in ba ka karatun boko ka tafi da wanda ya iya. Faswod kai za ka shigar da hannunka. In an zo biya ya fitar maka da RRR ko ya juyo maka shafin biyan ka biya da kanka, kuɗin aikinsa daban ka ba shi. Mai shagon kirki ba zai ji haushin wannan ba, wanda ya ɓata rai don ka ce za ka biya da kanka to ka san akwai abin da yake ɗorawa a kai.

Sai na uku, ejan, mai cewa kawo kuɗi da hoto ka je ka kwanta. Su ma kala biyu ne kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai wanda hukuma ta san da shi, kamar lauyoyi da akantoci da CAC ta tantance suna yi wa mutane rajista, wannan sana'a ce mai lasisi, in ya cuce ka akwai inda za ka kai ƙara. Akwai kuma ɗan cuwa-cuwa mai cewa yana da mutum a ciki, wanda ba shi da ofis sai lambar waya da baki mai daɗi. Shi wannan abin da yake sayar maka sauri ne, kuma wani lokacin saurin na gaske ne shi ya sa kasuwarsa ba ta mutuwa, amma ba ka san me ya cike da sunanka ba, ba ka san nawa ne ainihin kuɗin ba, ranar da abu ya kwaɓe kuma wayarsa a kashe.

To yanzu a bi su takarda takarda, don kowace da halinta.

NIN ita ce uwa, don duk sauran daga jikinta suke jan bayanai. Yin ta karon farko ba zancen waya ko kafe, dole ka kai kanka cibiyar rajista a ɗau hotonka da yatsunka, kuma a ƙa'idar NIMC, hukumar da ke ba da ita, kyauta ne. Tun Disambar 2020 da aka ce a haɗa layukan waya da NIN zamanin Pantami yana minista yawancin manya sun yi, abin da ya rage yanzu gyara ne, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shan wahala saboda yadda muke da suna. Mutum ɗaya a takardar firamare Aisha, a WAEC Aishatu, a banki A'isha da sunan miji, a NIN da sunan uba. Wani a wata takardar ya sa sunan unguwa ko gari a ƙarshe, a wata ya sa na kaka. Ranar haihuwa kuwa da yawa kintata aka yi, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa. NIMC ta buɗe fotal na gyara da kanka a 2024, kuma ga abin da ya sa a nan nake cewa waya ta fi kafe nesa ba kusa ba, hukumar da kanta ta sanar cewa akawun ɗin gyaran yana ɗaure ne da na'urar da burauzar da aka buɗe shi da su, in ka koma wata na'urar zai iya kullewa, har ta gargaɗi mutane a kan yin sa a kafe. Kenan in a kwamfutar wani shago aka buɗe maka, duk lokacin da kake son dubawa sai ka koma wannan shagon, wannan kwamfutar, kana addu'ar ba a yi mata wankin ƙwaƙwalwa ba. Ka je kafe su yi maka sikanin takardar kotu da shaidar haihuwa ta hukumar ƙidaya su turo maka a waya, sauran ka yi da kanka, kuma ko a wayar taka kar ka goge tarihin burauzar har a gama. Kuɗin gyaran ranar haihuwa ya haura naira 28,000 tun ƙarin da aka yi a 2025, kuma sau ɗaya ake yarda a gyara ta, ba abin da za ka bar wa mai sauri ba ne. In lambar ce kawai ka manta ba sai ka je ko'ina ba, *346# a layin da ka yi rajista da shi ya isa.

JAMB ita ba ta ba ka zaɓi ba ma, rajista sai a cibiyar CBT da ta amince da ita, kafe na kan hanya ba shi da hurumi, duk wanda ya ce zai yi wa ɗanka a shagonsa ko dai zai kwashe su ya kai cibiyar ne ya ci riba ko kuma ƙarya yake. Amma akwai matakin farko da yake hannun iyaye, kuma shi ake wasa da shi. Tun 2021 sai da NIN, yaro zai tura lambar NIN ɗinsa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a dawo masa da lambar furofayil, to layin da aka yi wannan da shi ya zama nasa a wajen JAMB, ta nan zai duba sakamako, ta nan saƙonni za su zo. Sai ka ga an yi da layin malamin lesin ko na mai makaranta ko na wani yaya da yake Legas. A saya wa yaro layinsa a ajiye, ko a yi da na uwa ko uba wanda aka san ba zai ɓace ba, kuma layi ɗaya ɗalibi ɗaya, ba a yi wa yara biyu da guda. Sannan sunan da ranar haihuwar da ke NIN su JAMB za ta jawo, in akwai gyara a yi shi watanni kafin a fara sayar da fom, ba ranar da aka je cibiya ba. Bayan jarabawa kuma duba CAPS, wato shafin JAMB da ake ganin ko an samu makaranta, da karɓar gurbin karatu waya tana yi sarai, sai dai ka juya burauzar zuwa yanayin kwamfuta don shafin ya fito duka. Wannan kar ka bar wa kowa, danna karɓa ko ƙi abu ne da ba a son hannun wani a ciki.

NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 ka yi da wayarka kawai, ba na ma son a ja maganar. Neman kyauta ne, ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN da lambar asusunka, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa kuma naira 20,000 a wata yana shiga asusun ɗalibi. Ɗalibin ABU ko Poli da zai ɗauki BVN ɗinsa ya miƙa wa wani ya nemo masa bashi da sunansa, bashin da shi zai biya bayan bautar ƙasa, ban ga dalili ba.

Fasfo shi ne inda ejan suka fi ci, musamman in lokacin Umara ko Hajji ya matso kowa yana gaggawa. Tun Janairun 2024 hukumar shige da fice ta mayar da neman gaba ɗaya kan intanet, ka cike, ka ɗora hotonka da shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa, ka biya, ka zaɓi ofis da ranar da za ka je a ɗau hoto da yatsu. Kuɗin a bayyane yake, daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 naira 200,000, kafin nan 50,000 da 100,000 ne. Duk abin da aka ce ka bayar sama da haka, ban da ɗan cajin biya, na mutum ne ba na gwamnati ba. A nan ni haɗawa nake cewa a yi, hoton a je wajen mai hoto ko kafe mai kyau don fotal ɗin yana da tsaurin ido a kan hoto, haske da farin bango da yadda fuska ta tsaya, takardun ma a yi musu sikanin na gaske, amma cikewa da biya da kanka ko a gabanka. Kuma ka sani ko ejan ɗin waye sai ka je da ƙafarka an ɗau yatsunka, to me ya rage da yake yi maka? Abin da ke tsayar da fasfo galibi saɓani ne tsakanin abin da ka cike da abin da ke NIN, wannan kuwa ba mai hanyar da zai gyara maka shi a ofishin fasfo, NIMC za a mayar da kai. Af, kuma wanda zai yi tafiya fiye da sau ɗaya ya lissafa, na shekara 10 ninki biyu ne a kuɗi amma ya hutar da kai sake bin layi.

CAC nan ne nake sassautawa ga ejan. In sunan kasuwanci ne kawai, shagon ɗinki a Tudun Wada, ko POS, ko sayar da kaya a intanet, mai ɗan karatu zai iya da kansa, ka nemi a riƙe maka suna, in an amince ka cike bayanai ka biya, satifiket ɗin ma ta intanet yake zuwa ka sauke ka buga, tun 2021 suka daina harkar takarda a hannu. Lokacin da aka matsa wa masu POS su yi rajista a 2024 an ga yadda aka yi ta tururuwa wajen masu yi wa mutane, da yawa sun karɓi satifiket amma ba su san imel ɗin da aka yi da shi ba, ba kuma wanda ya gaya musu akwai bayanan shekara shekara da ake shigarwa, in ba a yi ba tara tana taruwa kuma a nuna kasuwancin baya aiki, sai ranar da banki ko masu ba da tallafi suka duba a gane. Amma in kamfani ne mai hannun jari, ko da yake dokar CAMA ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, akwai rabon hannun jari da manufofin kamfani da in ka rubuta ba daidai ba gyaransu ya fi rajistar tsada. Haka rajistar ƙungiya ko Islamiyya ko gidauniya, akwai amintattu, akwai kundin tsari, akwai bugawa a jarida a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Wannan ka nemi lauya ko ejan da aka tantance ka biya shi hakkinsa, ya fi maka. Sharaɗi dai a sa imel da lambar kamfanin ko na ƙungiyar a cikin bayanan, ba nasa ba.

Lasin tuƙi gajeriyar magana ce. Hukumomi uku ne a ciki, FRSC da VIO da hukumar haraji ta jiha, sabon nema sai ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, kuma dole a ɗau hotonka da yatsunka a cibiya. Duk wanda ya karɓi hoton fasfo ɗinka ya kawo maka lasin har gida ba ka taka ko'ina ba, ka ɗauka jabu ne, za ka yi ta yawo da shi lafiya har ranar da aka duba lambarsa a hanyar Kaduna ko Kano. Sabuntawa kana iya fara cikewa a waya.

Na jiha kuma, tun dokar haraji ta 2016 jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga a hannu, biya ta banki ne ko ta fotal irin PayKaduna na hukumar KADIRS, don haka mai shago ko mai gida da aka zo masa da takardar haraji ya nemi lambar biya ya biya ta hanyar da za ta ba shi rasit na hukuma. Harkar fili da takardar mallaka tana hannun KADGIS, ita kam ko da za ta kai ka Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, ka je da kanka ko ka tura lauyanka, kuɗin motar bai kai darajar fili ba, kuma a nan ne dillalai suka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Akwai waɗanda duk wannan lissafin bai shafe su kai tsaye ba, iyayenmu tsofaffi da matan da ke cikin gida a Kwarbai ko Limanci ko ƙauyukan Giwa da Soba waɗanda ƙaramar waya ce a hannunsu ko babu ma. Su zaɓinsu ba tsakanin waya da kafe ba ne, tsakanin wane ɗa ko ƙane za a amince wa ne. A irin wannan gidan a samu mutum ɗaya mai natsuwa, ba lallai wanda ya fi kowa iya waya ba, ya buɗe wa kowa imel ɗinsa daban, a samu littafi guda a rubuta na Hajiya, na Baba, na Inna, kowa da faswod ɗinsa da lambar da aka yi amfani da ita, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Amarya kuma kafin a ce za a canza mata suna zuwa na miji a NIN a tsaya a yi tunani, don takardun makarantarta da BVN duk da sunan uba suke, canza guda ɗaya yana jawo canza sauran.

Sannan duk hanyar da ka bi, ka kalli adireshin shafin. Na gwamnati yawanci da .gov.ng yake ƙarewa. Waɗannan da ake yaɗawa a guruf na WhatsApp, an buɗe tallafin kaza yi sauri ka cike ka tura wa mutum goma, suna neman NIN da BVN da lambar katin banki, ba na gwamnati ba ne, kuma abin haushi wani lokacin a kafe ma ake cike wa mutane su a karɓi kuɗin aiki. Haka masu zuwa unguwa suna ba da 'yan kuɗi a ba su NIN a ɗau hoton fuska, da shi ake buɗe asusun da za a yi damfara, ranar da aka biyo sawu sunanka za a gani.

Layin da ka yi duk waɗannan da shi kuma kar ka bari ya mutu. In ya daɗe ba kira ba caji kamfani yana rufe shi daga baya ya sayar wa wani, sabon mai shi ne zai dinga karɓar OTP ɗinka da saƙon JAMB da na banki. Ko ba ka amfani da shi kullum ka dinga sa masa ɗan kati lokaci lokaci kana kira da shi. In wayar ta ɓace ko an sace, kafin ka fara jimamin hotuna ka kira banki a toshe, ka wuce ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka a dawo maka da lambar, kuma a nan ma in da sunan wani aka yi wa layin rajista sai an nemo shi ya zo da kansa.